Wane Cajin Ake Nufi?

 Sharhinmu na yau a kan kalma ɗaya ne tak, kalmar da da wuya gari ya waye rana ta faɗi a Azare ba ta fito daga bakin mutum ba, babba ne ko yaro, ya yi boko ko bai taɓa taka ƙofar aji ba. Kalmar ita ce caji. Mai waya yana neman inda zai sa caji. Matar da ta je cire kuɗi wurin mai POS tana tambayar nawa ne cajin dubu goma. Uban da aka kama ɗansa cikin dare ya yi sammako zuwa caji ofis. Direban da ya taso daga Potiskum zai shiga Kano yana ba da labarin yadda aka tsayar da shi a hanya aka caje motarsa kaf. Ɗalibar da jarrabawa ta matso mata ta ce kanta ya ɗau caji. A ƙaramin asibitin ƙauye idan aka ce a jira incaji, shugaban wurin ake nufi. Can kuma a bayan gari, idan samari suka nuna wani suka ce ya yi caji, ba maganar waya suke yi ba, idonsa suka gani ya kaɗa ya yi jawur. Masu kishin harshe sukan ji irin wannan su girgiza kai su ce Hausa na lalacewa, Turanci ya cinye ta. Ni kuwa ina ganin an ajiye damuwar inda ba nan take ba. Caji ta zama Hausa, ta gama zama, kuma yawan ma'anoninta shaida ce ta lafiyar harshen. Haɗarin yana wani wuri daban: wuraren da faɗin ma'anarta ke rufe wa talaka ido game da kuɗin da ake karɓa a hannunsa, da laifin da ake ɗora masa, da abin da ɗansa ke haɗiya.

Asalin kalmar kansa yana da abin da zai gaya mana. Ba ta Ingilishi ba ce tun fil azal. Mutanen Ingila sun aro ta daga Faransanci bayan da Normandawa suka ci ƙasarsu da yaƙi a 1066. Faransanci ya gaje ta daga Latin, inda take nufin ɗora wa amalanke kaya, su ma Rumawa sunan amalanken sun karɓo shi daga mutanen Gol, tsoffin mazauna ƙasar da ake kira Faransa a yau. Daga wannan tushe ne Bature ya samo sunan da yake kiran ƙaramar mota da shi, da sunan kayan da jirgi ke ɗauka. Daga ɗora kaya sai ma'ana ta yi ta rassa: a ɗora wa mutum nauyin aiki, a ɗora masa laifi, a ɗora masa kuɗin da zai biya, a ɗura wa bindiga albarushi, mayaƙa su afka wa abokan gaba. A tsakiyar ƙarni na 18, lokacin da masana irin su Benjamin Franklin na Amurka ke gwaje-gwajen lantarki, aka ari kalmar aka ba wa tara wuta a cikin na'ura. Ke nan kafin ta iso bakin kogin Jama'are ta riga ta ratsa harsuna huɗu, kowanne ya sauya mata sauti ya ƙara mata kaya. Abin da Bahaushe ya yi mata shi ne abin da kowa ya yi mata a kan hanya.

Ƙasar Katagum ta daɗe da jin sautin Ingilishi. A watan Janairun 1824 Bature matafiyi Hugh Clapperton ya sauka a Katagum kan hanyarsa daga Borno zuwa Kano da Sakkwato, abokin tafiyarsa Dakta Walter Oudney kuma ya rasu a Murmur, ba nisa da garin. Amma baƙi masu wucewa ba sa barin kalma a bakin mutane. Kalma tana samun wurin zama ne idan ta zo tare da iko ko tare da kayan amfani. Turawa sun karɓi Katagum a 1903, aka mayar da fadar sarki Azare a 1916, bayan shekara goma aka haɗe masarautar da lardin Bauchi. A wannan zamani ne ofis da kotu da bariki da ɗan sanda suka shigo rayuwar jama'a, kuma ta wannan ƙofa muka sami caji ofis, ɗakin da ake rubuta sunan wanda aka kama da laifin da ake jingina masa. Ko yadda muke furta kalmar yana nuna wanda ya kawo ta. Mutumin Ingila ba ya furta sautin "r" a tsakiyar irin waɗannan kalmomi, shi ya sa muka sami kati da gadi da yadi da maki da caji, ba mu ce karti ko carji ba. Da Ba'amurke ne ya mulke mu, da wani sautin muke yi yau. Wasalin ƙarshe kuwa namu ne, domin Hausa ba ta cika son kalma ta ƙare da baƙi ba.

Babbar hujjata cewa kalmar ta zama tamu tana cikin nahawu. A Hausa sautin "z" yakan koma "j" idan wasalin "i" ko "e" ya biyo shi. Muna cewa kaza, jam'inta kaji. Muna cewa kare zai ciza, ya ciji yaro, ya cije shi. To da kunnen Bahaushe ya ji caji, sai ya ɗauke ta 'yar ɗakin su ciji, ya bi sawunta baya ya ƙera mata tushen da ba ta taɓa samu ba a Ingila, ya ce caza. Yau ana caza waya, ana caza ƙwaƙwalwa, tela ya caji mutum dubu uku, jiya ma ya caje ni haka. Abin da ya faru da canji ke nan, ta haifi canza, har da yawa ba sa tuna cewa baƙuwa ce. Babu malamin da ya koyar da wannan, babu kwamitin da ya zauna a kai; masu tallan goro da 'yan kamasho da matan gida suka yi aikin, kuma ba su kuskure ƙa'ida ko ɗaya ba. An ba caji jinsin namiji, shi ya sa muke cewa cajin waya. An ba caja jinsin mace, muke cewa cajata ta ɓata. An yi mata jam'i irin na ciye-ciye da tafiye-tafiye, ana kukan caje-cajen banki. Sannan ga ma'anar bincike, an caje jaka, an caje gida: Bature yana da kalma daban ta wannan aiki, mai kusancin sauti, amma a bakinmu sun haɗe sun zama abu guda. Wanda ya iya Ingilishi kawai ba zai gane an caje gidan wane ba sai Bahaushe ya fassara masa.

Masu kishin harshe suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa duk kalmar aro da ta zauna, wata ta gida ta ture, kuma yaron da ya tashi da caji a bakinsa ba zai san tuhuma ba, ba zai san la'ada ba. Rabin farko na wannan magana tarihin Guddiri kansa, wato ƙasar Katagum, ya amsa shi. Wannan ƙasa tana kan iyaka da Borno, kuma Galadima da Ciroma da Yarima da Kaigama da muke ji a fadojinmu duk daga Barebari suka zo. Tun 1960 masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna cewa karatu da rubutu da kasuwa ta hanyar Barbarci suka shigo Hausa. Tuhuma da hukunci da alƙali da haraji da riba Larabci ne. Ashana da agogo da akwati daga Yarabawa muka karɓo. 'Yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi suna cewa lakwal da jandarma, nasu rabon daga Faransanci, kuma babu wanda ya ce sun daina zama Hausawa. Idan za a kori duk baƙuwar kalma, da waɗanda ake so a maye gurbin caji da su za a fara. Rabi na biyu kuwa, wato tsoron kada a manta bambance-bambancen da kakanninmu suka yi tsakanin abu da abu, nan suna da gaskiya, kuma zan dawo kansa, domin shi ne zuciyar maganar.

Kafin nan, a dubi abin da kalmar ta yi a shekaru ashirin da 'yan kai da suka wuce. A 2001 aka ba da lasisin wayar salula a Najeriya, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na shekarar. Cikin 'yan shekaru waya ta isa ƙauyukan Gamawa da Shira da Giade da Itas, wurare da yawa ta riga wutar lantarki zuwa, inda kuma akwai turakun, wutar ba ta zama. Daga wannan giɓi aka sami sabuwar sana'a: mai caji, da rumfarsa, da ɗan janaretansa, da jerin soket a jikin katako, da lambar da yake manna wa kowace waya don kada a yi musaya. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da yawansu suka koma sola. Mutumin da kullum idonsa ke kan ɗan layin batir, yana lissafin ko zai kai shi dare, dole wannan lissafi ya shiga yadda yake kallon jikinsa. Sai aka fara jin cajina ya ƙare, maimakon na gaji tiɓis. Wane ba ya riƙe caji, ga wanda ba ya jure aiki. Bari in ci tuwo in sa caji. Wanda aka tsokana har ya hasala, a ce ya ɗau caji. Wanda tunani ya yi wa yawa, kuɗin makaranta ga na magani ga na taki, ya ce kaina ya ɗau caji. Wannan ta ƙarshe Bature ba ya faɗinta da wannan ma'ana. Ta fito ne daga haɗuwar abu biyu da Bahaushe ya sani: waya takan yi zafi in tana jikin wuta, kuma tun da can muna cewa kai ya ɗau zafi. Haka harshe mai rai ke aiki. Jirgi na ruwa ne kafin ya zama na ƙasa da na sama. Waya zaren ƙarfe ce, ta zama saƙon tangaraho, ta zama tarho, yau ga ta a aljihu babu zare ko ɗaya a jikinta. A nan ban ga abin kuka ba, fasaha na gani.

Inda magana ke sauyawa shi ne wurin kuɗi. Hausa tana da arzikin sunaye ga kuɗin da ke fita daga hannun mutum, kuma kowane suna yana faɗin wanda ya karɓa da dalilin karɓa. Haraji na hukuma ne, jangali na shanu ne, la'ada ta dillali ce, lada ta wanda ya yi aiki ce, tara ta mai laifi ce, diyya ta wanda aka cuta ce, tukuici na ɗan aike ne, toshiyar baki da cin hanci kuwa sunansu kaɗai ya isa hukunci. Yau duk waɗannan suna neman shigewa ƙarƙashin kalma ɗaya. Ɗauki mai sayar da hatsi a kasuwar Azare da ke hulɗa da banki ta waya. Akwai kuɗin tura kuɗi da Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade a jadawalinsa na 2020, naira 10 ko 25 ko 50 gwargwadon yawan abin da aka tura, wannan ladan banki ne. Akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan ladan, wannan na gwamnati ne. Akwai naira 50 da dokar kuɗi ta 2020 ta sa a kan kuɗin da ya kai naira 10,000 zuwa sama, ita ma haraji ce, ba aljihun banki take tsayawa ba. Ga kuɗin saƙon sanarwa, ga na kula da kati. Mai hatsi ya dubi wayarsa ya ce sun caje ni, magana ta ƙare. Su wa? Da wane dalili? Wanda bai san haraji ya biya ba, ba zai tambayi gwamnati abin da ta yi da shi ba. Wanda bai san ladan banki yana da iyaka a rubuce ba, ba zai gane ranar da aka wuce iyakar ba, balle ya kai ƙara.

Mun ga nauyin wannan a farkon 2023, lokacin sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, sa'ad da tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a, mutane suka kwana a layin banki, cajin masu POS ya yi tashin gwauron zabi har aka riƙa cewa ana sayen naira da naira. A lokacin malamai sun yi ta muhawara a majalisu da kafafen yaɗa labarai: abin da mai POS ke karɓa ladan aikinsa ne da haɗarin da ya ɗauka, ko kuwa riba ce da Shari'a ta hana? Ba aikina ba ne in yanke wannan hukunci, yana da ma'abotansa. Abin lura shi ne muhawarar ba ta yiwu ba sai da aka ajiye kalmar caji gefe aka koma ga lada da riba. Muddin ana cewa caji, babu halal babu haram a cikin sunan, babu adalci babu zalunci. Kalma ce da ke shigar da kowane irin karɓa cikin rigar ofis. Wannan shi ne amfaninta ga mai karɓa, kuma shi ne cutarta ga mai bayarwa.

A caji ofis abin ya fi tsanani, domin a nan 'yancin mutum ne a kan sikeli. Uwa ta ji an ce an caje ɗanta. A cikin gini ɗaya wannan jimla tana iya nufin abu uku: an laluba aljihunsa, ko an rubuta laifin da za a kai shi kotu a kansa, ko an yanka masa kuɗin da zai biya a sake shi. Na farko bincike ne, na biyu tuhuma ce, na uku kuwa, idan na beli ne, rundunar 'yan sanda da kanta ta sha shelanta cewa beli kyauta ne. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 35, ya wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin sa'o'i 24, da harshen da yake fahimta, kuma a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, ban da manyan laifukan da hukuncinsu kisa ne. Sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin ɗan'uwansa, ta hana kama shi kan bashi ko saɓanin ciniki kawai. Duk waɗannan haƙƙoƙi sun rataya a kan bambanci tsakanin zargi da tuhuma da hukunci, bambancin da kotun alƙali ta san shi tun kafin zuwan Turawa, inda akwai mai ƙara da wanda ake ƙara, da da'awa, da shaida, da rantsuwa. Harshen da mutum yake fahimta ba ya nufin kalma mai sautin Hausa wadda ma'anarta ta yi hazo. Manomin Udubo ko Chinade da aka ce masa an caje ka, ya gyaɗa kai, bai fahimci komai ba tukuna. Kuma a unguwarsu, jin an kai shi caji ofis kaɗai ya isa a ɗauke shi mai laifi, ko da kotu ta wanke shi daga baya.

Wani masanin harshe zai ce ina neman matsala inda babu ita. Kowane harshe yana da kalmomi masu ma'ana da yawa, zai ce, kuma muhallin magana ne ke warware su; ai kai ma a Hausa yana nufin na jiki, da na gaba, da isarwa, ba a taɓa rikicewa ba, ci kuwa ana cin tuwo, a ci kasuwa, a ci amana, a ci zaɓe. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban damu da cajin waya da cajin ƙwaƙwalwa ba. Amma muhalli yana warware magana ne tsakanin mutanen da suka san abu ɗaya, kuma kowannensu yake da bakin tambaya. Abokai biyu a majalisar shayi, in ɗaya bai gane ba zai ce wane cajin? Tsohuwar da ke tsaye gaban kanta, jami'i na zaune da biro a hannu, ba ta da wannan bakin. Ba ta san rabe-raben da shi ya sani ba, tana jin tsoro, tana sauri, kuma sau da yawa wanda ya san bambancin shi ne wanda rashin faɗinsa zai amfana. A irin wannan wuri duhun kalma yana da gefen da yake karkata, kuma kullum gefen mai iko ne.

Ma'ana ta ƙarshe ita ta fi tayar mini da hankali. Kayan caji, a bakin matasa, kayan maye ne: ƙwaya, maganin tari, tabar wiwi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da irin waɗannan kaya a shekarar da ta gabata, miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol suka sha ba bisa umarnin likita ba, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin, bayan rahoton binciken BBC da ya girgiza ƙasar. A saurari abin da kalmomi ke yi a nan. Maye, buguwa, mashayi, ɗan ƙwaya: kowacce tana ɗauke da kunya, tana nuna mutum ya rasa wani abu, hankalinsa ko mutuncinsa. Caji kuwa tana cewa ya sami wani abu. Tana cewa jiki batir ne da ya yi sanyi, ƙwaya kuma wuta ce da za ta cika shi. Wannan shi ne ainihin alkawarin da ake sayar wa lebura da mai aikin gona da ɗan acaba tiramadol da shi, cewa zai yini yana aiki bai ji gajiya ba. Abin da kalmar ba ta faɗa shi ne ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan, rufe jin ciwo take yi, jiki ya ci gaba da cinye kansa, a ƙara yawanta wata bayan wata, wasu ta kai su ga jijjiga irin ta farfaɗiya. Ba mu kaɗai muka faɗa wannan tunani ba. A Amurka da Ingila ma, a ƙarnin da ya wuce, masu shaye-shaye sun yi amfani da wannan kalma ga kayansu. Sunan da ke mayar da guba abinci yana da farin jini a ko'ina.

Za a ce sauya kalma ba ya raba yaro da ƙwaya, kuma sara ta matasa an yi ta ne don manya kada su gane. Ka hana wannan yau, gobe su ƙirƙiro wata. Na yarda, kuma ba hani nake nema ba. Babu mai iya kafa wa bakin tasha doka, kuma rashin aikin yi da talauci da sauƙin samun kayan sun fi kowace kalma ƙarfi. Abin da nake nema biyu ne. Iyaye da malaman makaranta da limamai su san wannan yare, domin uban da ya ji ɗansa na ce wa aboki mu je mu yi caji, ya ɗauka rumfar mai waya za su, ya rasa gargaɗin farko da zai samu. Sannan masu magana da jama'a, mai wa'azi da ma'aikacin lafiya da jami'in hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta NDLEA da mai gabatar da shiri, kada su ari sunan da masu sayarwa suka raɗa don su nuna sun waye. Su san shi, su fassara shi, su kira abin da sunan da ke faɗin gaskiyarsa.

Kuma kada wani ya ce masu magana da jama'a ba su da tasiri a kan harshe, domin tarihin jarida da rediyo ya ƙaryata haka. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. A ɗakunan labaran nan aka zauna aka zaɓi Majalisar Ɗinkin Duniya, da tsagaita wuta, da ƙuri'ar raba gardama, daga baya yanar gizo, aka yi ta maimaitawa har suka zama maganar mai shayi da mai faci. Editan da ya iya wannan zai iya rubuta an tuhume shi inda ake nufin tuhuma, an bincike shi inda ake nufin bincike, an karɓi kuɗi a hannunsa inda abin da ya faru ke nan, ya bar caji ga batir da hirar majalisa. Banki zai iya aika saƙo da Hausa da ke raba haraji da ladan aiki. Mai POS zai iya rubuta ladansa a allo kowa ya gani kafin ya miƙa kati. A bangon kowane caji ofis za a iya manna takarda da boko da ajami mai bayyana bambancin zargi da tuhuma da hukunci, da cewa ba a biyan kuɗin beli.

Akwai kuma aikin da ke jiran masana. Bargery ya fitar da ƙamusunsa na Hausa a 1934 bayan shekaru yana bin garuruwa yana sauraren bakin mutane. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006, wayar salula na da shekara biyar kacal a ƙasar, rumfunan POS ba su cika tituna ba tukuna. Abin da caji ta zama tun daga lokacin yana yawo ne a baki da saƙonnin WhatsApp, kuma sara ba ta jiran mai rubutu. Malaman Hausa da ɗalibansu a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke nan Azare, da takwarorinsu na Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, suna zaune a tsakiyar kayan aikin. Ɗalibi ɗaya da littafin rubutu zai iya yin zango guda na karatu tsakanin tashar mota, da layin masu gyaran waya, da harabar kotun majistare, da bakin asibitin tarayya, yana rubuta kowace jimla da caji ta fito a ciki, da wanda ya faɗe ta, namiji ko mace, shekarunsa, sana'arsa, da abin da yake nufi. Daga nan a kwatanta da abin da ake ji a Kano da Katsina da Damagaram, a ga wace ma'ana ce ta ko'ina, wacce ce ta Guddiri kaɗai, wacce kuma ta tsaya a bakin 'yan ƙasa da shekara talatin.